Sharar Kabari, Kuɗin Takarda Da Masu Hawan Kai A Al'adar Sinawa

Tambaya: Ina zuwa Guangzhou sayen kaya. A farkon Afrilu abokan cinikina sukan rufe shago su ce sun tafi sharar kabari. Wani zuwan kuma na ga ana ƙona takardu a bakin titi da dare, an jera abinci a ƙasa. An ce mini har akwai waɗanda ake hawa kansu suna magana da matattu. Mene ne ainihin abin da suke yi, kuma yaya ake yin sa?

Amsa: Alhaji, abubuwa uku daban ka ambata, ko da yake a ido duk wuta ne da hayaƙi. Zan bayyana su yadda masu al'adar suka fahimce su. Ba kowane Basine ke yi ba: Musulmin Hui da Uygur ba sa yi, Kiristoci da yawa ba sa yi, wasu 'yan birni kuma sun taƙaita abin zuwa ajiye fure da sunkuyar da kai. Yana kuma bambanta daga lardi zuwa lardi, har daga gida zuwa gida. Mafi yawan abin da zan kawo na kudu ne, wato Guangdong, Fujian, Hong Kong, Taiwan da Sinawan Singafo da Maleshiya, domin can al'adar ta fi ƙarfi.

Gindin maganar shi ne sun kasa mazauna ɓoye kashi uku. Akwai shen, ababen bauta, waɗanda ake ɗauka kamar hakimai da alƙalan wata gwamnati mai matakai, tun daga Sarkin Sama, Yu Huang, har zuwa Tudigong, wanda matsayinsa kamar na mai unguwa ne. Akwai kakanni, matattun gidanka da hidimarsu ke wuyanka. Sai gui, fatalwa, mamacin da ba shi da mai ciyar da shi: wanda bai bar ɗa ba, wanda ruwa ya ci, wanda ya mutu a baƙon wuri, budurwar da ta rasu ba ta yi aure ba. Masanin al'adu Arthur Wolf, wanda ya yi bincike a ƙauyukan arewacin Taiwan, ya nuna a 1974 cewa bambancin kaka da fatalwa yana ga wanda ke kallo: kakan maƙwabcinka a wurinka baƙo ne, fatalwa ne. Duk wata ƙa'ida da za ka ji, ta launin takarda, ta yadda aka dafa nama, ta cikin gida ko bakin ƙofa, tana fayyace wanda ake ba wa ne. Shen ana girmama shi kamar mai mulki, kaka ana ciyar da shi kamar uba, fatalwa kuwa ana sallamar ta kamar mabaraci don ta wuce lafiya.

Sun kuma ɗauka ran mutum ba guda ɗaya ba ne. Littattafan addinin Dao suna ƙidaya sassan rai iri biyu, hun guda uku da po guda bakwai, amma talaka wurare uku ya sani: wani sashe yana kabari tare da ƙasusuwa, wani yana cikin allon sunan mamaci da ake ajiyewa a kan teburin bauta na gida, wani kuma yana gaban kotunan lahira. A tsohon tsari ana barin harafi ɗaya na allon ba a ƙarasa shi ba, sai ranar jana'iza wani mai daraja ya ɗiga masa jan tawada, daga nan allon ya zama mazaunin mamaci. Shi ya sa hidimar ta rabu uku ita ma: ta kabari, ta gida, da ta aika kaya lahira.

Abin da ya rufe shagunan abokanka shi ne Qingming. Lissafinsa na rana ne, ba na wata ba, saboda haka kusan kullum yana faɗawa 4 ko 5 ga Afrilu. Ya haɗe da wani tsohon biki na cin abinci mai sanyi, wanda Sarki Xuanzong na daular Tang ya amince a 732 a riƙa ziyarar kabari a cikinsa, kuma tun 2008 ranar hutu ce a hukumance a ƙasar Sin. Ba dole a je a ranar ba. A Singafo da Maleshiya ana da kwana goma kafin ta da kwana goma bayanta. Sabon kabari kuwa, a kudu, ana riga Qingming zuwa gare shi. Mutanen Hong Kong suna komawa karo na biyu a Chongyang, 9 ga wata na tara na kalandar gargajiya.

Ana fita da sassafe a gama kafin rana ta karkata, domin yamma a wurinsu lokacin abin da suke kira "yin" ne, wato ɓangaren duhu da matattu. Ana riƙe lauje ko adda, fartanya, tsintsiya, ruwa, tsumma, fenti da ɗan buroshi. Aiki na fari shi ne sare ciyawa, cire saiwar da ta kama gini, buɗe magudanar ruwa da cike ramukan da ɓera ko ruwan sama ya yi. Sai a wanke dutsen kabari a sabunta rubutunsa. A nan ana yawan yin kuskure: a wurare da dama jan fenti na mai rai ne, kamar matar da aka riga aka sassaƙa sunanta kusa da na mijinta, mamaci kuwa launin zinariya ko kore. Wanda ya shafa wa sunan mai rai launin matattu ya jawo faɗan dangi.

Kafin a kula kakan, sai an fara gaida mai wurin. Kusa da kabarin kudu akwai ɗan ƙaramin dutse na Houtu ko Tudigong, mai gadin ƙasar. Ana kunna masa kyandir biyu da turaren tsinke uku, a ajiye masa 'ya'yan itace da shayi ko giya, a ƙona masa takarda mai tambarin zinariya. Hujjarsu ita ce ba a shiga unguwa a tsallake mai unguwa. Idan aka tsallake shi, kayan da aka aika ba za su isa ba.

Sai kakan. Ana jera ƙananan kofuna uku na shayi, uku na giya, shinkafa da tsinken cin abinci, da abin da suke kira nama uku: alade, kaza da kanta da ƙafafunta, da kifi sukutum. 'Yan Guangdong sukan kawo gasasshen alade guda, a yanka a raba, kuma a ƙauyukan Hong Kong akwai tsohuwar al'adar raba naman ga mazan zuri'a, wanda karɓar kason shaida ce cewa kai ɗan gida ne. Ana ƙara abin da mamacin yake so yana raye, ko taba ce ko kofi. Babba ne ke fara riƙe turare da hannu biyu, ya sunkuya sau uku, ya faɗi sunansa da dalilin zuwa, ya ba da labarin gida: wane ya yi aure, wance ta haihu, wane ya ci jarrabawa. Sauran su bi baya bisa girma. Ana ƙara giya a kofunan har sau uku, ana jira turaren ya ci kamar rabi.

Yaya za a san ya ƙoshi? Ana jefa jiaobei, wasu 'yan katako biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne da gefe shimfiɗaɗɗe da gefe mai tudu. A kabari sau da yawa sulalla biyu ake amfani da su. Ɗaya sama ɗaya ƙasa na nufin e. Idan duka biyun suka kife, tudu a sama, a'a ke nan. Idan duka suka kwanta rigingine, sai su ce dariya yake, tambayar ba ta fito sosai ba, a sake. Har sai an sami e ake kwashe abinci. Kuma abincin ba a zubar da shi: dangi ke ci, wani lokaci a gefen kabarin, domin a ganinsu mamaci ƙamshi da albarkar abin ya ɗauka. Kafin a tafi ana danne 'yan takardu masu launi a kan tudun kabarin da duwatsu. Wasu na cewa rufin ɗaki ne aka sabunta masa, amma babban amfaninsu shi ne duk mai wucewa ya ga kabarin nan yana da masu shi. A Taiwan wasu sukan ɓare dafaffen ƙwai su watsa ɓawon a kai, alamar tsoho ya tafi sabo ya fito. Da can da harbin tartsatsin wuta ake rufewa, amma Hong Kong ta hana shi a 1967, Singafo a 1972.

Batun takarda ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan baƙo ya fi ruɗewa. Wuta a wurinsu hanyar aike ce: abin da ya ƙone ƙurmus ya isa can. Tun kafin takarda ana binne matattu da kayan yumɓu, gidaje, dabbobi da bayi. Sojojin yumɓun kabarin Sarki Qin Shi Huang, wanda ya mutu a 210 kafin haihuwar Annabi Isa, su ne mafi girman misali. Ƙona kuɗin takarda ya bazu tun zamanin Tang. A Taiwan da Fujian rabon a fili yake: takarda mai zinariya ta ababen bauta ce, mai azurfa ta matattu, babbar azurfa ga kakanni, ƙarama ga fatalwa. Akwai kuma wadda aka buga wa hoton riga, wando, mataji da almakashi, ita ma ta fatalwa ce. Sai takardun da aka yi su kamar kuɗin banki, masu hoton Sarkin Sama da sifiri rututu. Ƙona wa abin bauta azurfa cin fuska ne, kamar ka kira hakimi mabaraci, don haka ba a haɗa su a wuta ɗaya, kuma na mai gadin ƙasa ake fara ƙonawa.

Ba a jefa ƙunshi a dunƙule. Ana warware takardun ko a naɗe kowacce kamar curin azurfa na da, saboda dunƙulalliyar takarda tsakiyarta ba ta ci, kuma wadda ba ta ƙone ba kuɗi ne da ya maƙale a hanya. Ba a kuma caccaka wutar da sanda har toka ta farfashe, sun ce yaga kuɗin ne. Ɗaga ta ake yi a hankali iska ta shiga. A arewacin ƙasar, wanda ya yi nisa da kabarin iyayensa yakan je mararraba da dare, ya zana da'ira a ƙasa ya bar mata ƙofa ta fuskar garinsu, ya ƙona a ciki yana kiran sunan mamacin, ya jefa 'yan takardu waje don fatalwa masu yawo kada su yi wa kakan ƙwace. A wasu larduna, kamar Sichuan da Hunan, ana zuba kuɗin a babban ambulan a rubuta sunan mai karɓa da na mai aikawa da kwanan wata, tamkar wasiƙa. Idan wuta ta lafa sai a zagaye tokar da giya ko shayi, an rufe aike ke nan.

Bayan kuɗi akwai kayan da ake ƙerawa da gora da takarda, zhizha: gida mai bene, mota da direba, riga, takalmi, wayar hannu har da cajarta. Gidan yakan zo da takardar mallaka da aka cika da sunan mamaci, don kada wani ya shige masa. Wannan ma tsohon tunani ne, domin tun daular Han ana binne takardar sayen filin kabari daga hannun mahukuntan ƙasa. A 2016 kamfanin Gucci ya aika wa wasu shagunan Hong Kong gargaɗi kan jakunkunan takarda masu kama da nasa, mutane suka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri.

Haɗarin da ke tattare da wannan na zahiri ne. Kaburbura a kan tsaunuka suke cikin busasshiyar ciyawa, kuma gobarar daji a lokacin Qingming da Chongyang sananniyar matsala ce a Hong Kong da kudancin Sin. Shi ya sa hukumomi ke matsa a ƙona cikin garwa ko murhun makabarta, a kashe tokar da ruwa kafin a tafi. Hayaƙin kuma yana cutar da masu asma.

Hidimar sabon mamaci tana tafiya bakwai-bakwai har kwana 49, sai ranar 100, sai shekara ɗaya, sai ta uku. Idan ka ƙidaya za ka sami goma, adadin kotunan lahira goma da suka ce rai yana bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace hidima tallafi ce a ranar shari'a. Bakwai na farko ya fi nauyi, domin a daren ne ake cewa mamaci yana dawowa gida. Bahaushe zai tuna sadakar uku, bakwai da arba'in, amma kamar ta tsaya a ƙidayar kwanaki. Ma'anar daban ce. A Taiwan ana ƙona tarin kuɗin baitulmali, kuqian, don biyan bashin da suka ce kowane rai ya ci kafin a haife shi, yawansa ya danganta da shekarar haihuwa, dangi kuma sukan kewaye wutar riƙe da hannun juna don tsare ta.

Abin da ka gani a bakin titi kuwa, in a wajen Agusta ne, watan fatalwa ne, na bakwai a kalandar wata. Sun ce ana buɗe ƙofofin lahira wata guda. Babbar ranar 15 ga watan ce, Zhongyuan a bakin mabiya Dao, Yulanpen a bakin mabiya Buddha, amma 'yan Guangdong da yawa 14 suke yi. Wannan ba na kakanni ba ne, na marasa gata ne, kuma don gudun ɓata musu rai 'yan Taiwan da Singafo ba sa ce musu fatalwa, sai "'yan'uwa na gari". Komai a waje ake yi, a bakin ƙofa ko bakin hanya, da yamma. Ana soka turare ɗaya a kowane kwano. Ana ajiye daro da ruwa da tawul don baƙin su wanke fuska. Ba a faɗa musu cikakken suna da adireshi kamar yadda ake faɗa wa kaka. A Taiwan ba a ba su ayaba, fiya (pear) ko abarba, domin sunayen waɗannan a yaren Hokkien suna kama da "gayyata", "zo" da "yalwata", kuma ba wanda ke son su dawo su yawaita. Unguwanni da kasuwanni sukan haɗa kuɗi a yi babban taro, a kafa ƙaton mutum-mutumin takarda na Dashiye, mai tsawata wa fatalwa kada su yi wawa, a ƙona shi a ƙarshe. A Singafo ana wasannin dandali da ake kira getai, a bar layin kujerun gaba babu kowa. A Keelung ta Taiwan ana sakin fitilu a teku don waɗanda ruwa ya ci. A ganina wannan shi ne sashen al'adar da ya fi nuna tausayi, domin mutum ne ke ciyar da mamacin da bai haɗa komai da shi ba, ko da yake tsoro ma yana ciki.

Yanzu ga masu hawan kai. Mutane sukan cakuɗa ma'aikata biyar wuri ɗaya: limamin Dao mai karatu da littafi, ɗan zuhudun Buddha, masanin fengshui mai duba wurin kabari, mai tsintar ƙashi, da wanda ake hawa. Na ƙarshen ba a zuwa wurinsa don hidimar shekara-shekara. Sai abu ya karkace: ciwo ya ƙi jin magani, yaro yana firgita, kasuwa ta faɗi, ko ana ta mafarkin mamaci yana rawar sanyi.

Kashi biyu ne. Na farko shi ne tang-ki a yaren Hokkien, jitong a Mandarin, wanda abin bauta ke hawa, kamar Nezha, Guan Gong, Jigong ko Sarkin Birai. Sun ce ba mutum ke zaɓar aikin ba. Wanda lissafin haihuwarsa ya nuna ransa mara nauyi ne, mai gajeren kwana, shi ake kamawa, sau da yawa bayan doguwar jinya, a killace shi a haikali kwana bakwai ko fiye, wani har 49. Ranar zama, yakan hau kujera mai sassaƙen dodo, ana kaɗa ganga da kuge, turare ya turnuƙe. Sai hamma, sai yunƙurin amai, sai jijjiga da kaɗa kai, sai murya da tafiya su koma na wanda ya hau. Mataimaka su ɗaura masa ƙyallen ƙirji mai ado su miƙa masa tuta ko takobi. A gefensa akwai tafinta, wanda ake kira shugaban tebur, domin maganar takan fito a sarƙe ko cikin tsohon salo. Mai tambaya ya faɗi sunansa, ranar haihuwa da adireshi. Magani yawanci laya ce a kan takarda rawaya mai hatimi: wata a rataya, wata a liƙa a ƙofa, wata a ƙona a sha tokar da ruwa. Idan an gama sai ya zabura ya faɗi, a tare shi, ya farka ya ce bai san abin da aka yi ba. Ana saka masa kuɗi a jan ambulan.

A manyan bukukuwa tang-ki yakan sari bayansa ko goshinsa da kayan aiki biyar, takobi, gatari, kulki mai ƙusoshi, ƙwallo mai ƙaya da zarton bakin kifi, ko ya tsaga harshe ya shafa jinin a layu. Jinin a wurinsu shaida ce cewa ba shi ba ne a jikin, kuma yana korar mugun abu. A Phuket ta Tailan, a kwana tara na farkon wata na tara, ana ganin masu soke kumatu, waɗanda ake kira ma song, dawakin ababen bauta. Wanda ya san bori zai ji kalmar ba baƙuwa ba ce, tunda 'yan bori ma doki da goɗiya suke cewa. Bambancin shi ne iskokin bori ba a ɗauke su kakannin mai tambaya ba, a nan kuwa rabin aikin sasanta mutum ne da matattunsa.

Kashi na biyu mata ne galibi, kuma mamacin da kansa suke kira. 'Yan Guangdong suna ce wa aikin tambayar shinkafa, man mai, saboda mai zuwa yakan kawo ɗan kwanon ɗanyar shinkafa daga gidansa, wadda ita ce mamacin zai gane. 'Yan Hokkien suna cewa khan-bong, jawo mamaci. Ana ba ta sunansa, ranar haihuwa da ta rasuwa, da inda kabarin yake. Ta kifa kai a tebur, tana buga tafin hannu tana watsa shinkafa, can sai ta fara magana da muryar mamacin. Dangi masu wayo sukan gwada ta da tambaya: 'ya'yanka nawa, me ya kashe ka, wa ke zaune a nan? Koke-koken kusan iri ɗaya ne ko'ina: ina jin sanyi, ɗakina yana yoyo, kuɗin ba su iso ba, an ƙwace mini, an manta da ni. Kowanne yana da fassara. Sanyi, a ƙona tufafi. Yoyo, a je a duba ko ruwa, gara ko saiwa ta shiga kabarin. An manta da ni kuwa sau da yawa yana tono abin da dangi suka binne: matar fari da ta rasu, ɗan da aka bayar riƙo, 'yar da ba a yi wa allo ba. Ita 'ya mace a al'adance teburin gidan miji take hawa, ba na uba ba, shi ya sa ake ɗaura wa wadda ta mutu budurwa auren matattu, ko a kai allonta wani haikali na musamman. Idan abin ya yi nauyi sai a kira limamai su yi hidimar neman sassauci. A jana'izar Hong Kong limamin Dao yakan zagaya wuta yana farfasa fale-falen yumɓu da takobi, alamar fasa ƙofofin kurkukun lahira.

Akwai kuma shigar makabarta da dare, wadda ta fi yawa a Singafo da Maleshiya, inda bautar jami'an lahira biyu ta bunƙasa: Tua Ya Pek mai fararen kaya, doguwar hula da dogon harshe, da Di Ya Pek mai baƙaƙen kaya da sarƙa. Su ne masu kamo rayuka, don haka ake ganin sun fi kowa sanin hanyar can. Teburinsu a ƙasa yake cikin duhu, kuma abin da ake ba su daban ne: baƙar giya irin Guinness, taba, baƙin kofi, da can har da ofiyom. A wata na bakwai jama'ar haikali sukan bi tang-ki ɗinsu zuwa makabarta. A fara neman izinin mai gadin ƙasa a ƙofa, a kafa tutoci biyar na rundunonin tsaro, kore gabas, ja kudu, fari yamma, baƙi arewa, rawaya tsakiya, sannan a jera abinci da kyandir, a tara tudun takarda a cinna. Ana gargaɗin mahalarta kada su kira juna da sunan yanka, kada su dafa kafaɗar wani, kada su waiwaya idan an juya, kada su taka toka ko su ɗauki komai. In an dawo a wanke jiki da ruwan ganyen wani babban lemu da ake kira pomelo, ko ruwan fure, kafin a shiga gida.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce a wannan fagen ake fi cutar mutane. Wanda ya rasa ɗa zai biya ko nawa ne don ya ji muryarsa, kuma mai son zuciya yakan tsinci amsa daga bakin masu tambaya ya mayar musu, ko ya ce akwai fatalwa a jikinka sai an kawo kuɗi masu yawa. Su kansu masu al'adar suna ɗaukar yanke farashi da tsoratarwa alamar ɗan damfara. Akwai kuma illar lafiya: wuƙa ko tsinken da mutane da yawa suka yi amfani da shi yana yaɗa ciwon hanta, jan ma'adinin da ake rubuta wasu layu da shi yana ɗauke da zaiba, mafi muni kuma shi ne jinkirta zuwa asibiti.

A Fujian, Guangdong da Taiwan binnewar fari ba ita ce ta ƙarshe ba. Bayan shekaru, sau da yawa bakwai zuwa goma, ana zaɓar rana a tone kabarin, a riƙe lema a kai don kada rana ta taɓa ƙasusuwan. Mai tsintar ƙashi ya goge su, ya shanya, ya ƙidaya, ya jera su a babban tulu daga ƙafa zuwa kai kamar mutum a zaune. Idan aka tarar gawa ba ta ruɓe ba, abin da ƙasa mai riƙe ruwa ko akwati mai kauri ke jawowa, ana ɗaukar sa mugun abu ga zuri'a. Sai masanin fengshui ya zo da kamfas ɗinsa, luopan, ya nemi wuri mai tsauni a baya da ruwa a gaba. Shi ya sa kabarin kudu yake kama da kujera mai hannuwa. Sinawan da suka mutu a ƙetare ma ana tura ƙasusuwansu gida, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 gidan ajiyar akwatuna na Tung Wah a Hong Kong ke karɓar su.

Ƙarancin fili da dokar gwamnati sun sauya da yawa. A 1956 shugaban Sin Mao Zedong da manyan jam'iyyar Kwaminis suka sa hannu kan ƙona gawa, a juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 aka farfasa alluna da haikalai, kuma har yau hawan kai ba ya cikin addinai biyar da hukuma ta amince da su, ana sa shi cikin camfi. Shi ya sa a Guangzhou za ka ga Qingming a fili, amma tang-ki sai a ƙauye ko a ɓoye. Singafo tun 1998 ta taƙaita zaman kabari zuwa shekara 15, a makabartun gwamnati na Hong Kong kuwa shida ne. Yawancin 'yan birni yanzu gidan ajiyar toka suke zuwa, su yi hidimar a gaban ɗan akwatin bango, su kai takardun murhun da aka tanada.

Game da kai, Alhaji, idan abokin ciniki ya gayyace ka, ba wanda zai ga laifinka in ka ce addininka bai yarda ka riƙe turare ko ka sunkuya ba. Sun saba da maƙwabtansu Hui, waɗanda ke ziyarar kabari da karatun Alƙur'ani da addu'a. Ka tsaya gefe shiru, ka guji jan kaya, kada ka ɗauki hoto sai an yarda, ka kuma san cewa abincin akwai alade da giya. A bakin titi kada ka tsallake toka ko ka shure kwano. Kada ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa a teburinsu, domin haka ake yi wa mamaci. Kuma a Qingming ba a cewa barka da biki. Ka ce masa ya je lafiya ya dawo lafiya, ka ɗage maganar lodin kaya zuwa bayan kwana uku na hutun.